Ni Ne "Babu Kowa" Ɗin Da Kuka Ambata

Zuwa ga shugabanni da injiniyoyin da ke kula da kenel, wato zuciyar manhajar kyauta da ke tafiyar da kwamfutar shagona.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku, sunana Bukar, ina yanka sitika a Fagge, cikin Kano. Rubuce-rubucen da ke bayan adaidaita sahu da ƙofofin shagunan unguwarmu, yawancinsu daga hannuna suka fito. Ban taɓa biyan ku ko sisi ba, don haka da ladabi zan yi ƙorafina, amma fa sai na yi shi.

Na farko. Ina da injin yanka sitika da na saya kwance a Sabon Gari tun kafin in yi aure. Yau babbar 'yata tana jami'a, shi kuwa ko tari bai taɓa yi ba. Ranar Alhamis da ta wuce kwamfuta ta nemi in sabunta ta, ni kuma da rawar kai na danna. Tana gamawa, inji ya yi gum. A ranar ina da aikin rubutun motoci uku na wata makaranta da za a buɗe ranar Litinin.

Na biyu. Na kinkimi kwamfutar zuwa wurin Oga Emeka, mai gyara a Sabon Gari, wanda ya ɗora mini manhajarku tun asali. Ya bincika ya gano kun yi shara. Kun cire ɗan rubutun umarnin da ke sa kwamfuta ta gane injina, kun kuma goge shafinsa daga littafin bayaninku, kamar ba a taɓa ƙera shi ba. Ya karanta mini dalilin da kuka rubuta, ya fassara yana ta dariya: wai kayan ya tsufa, babu kowa da ke amfani da shi. Ranku ya daɗe, ni ne babu kowan nan, kuma gidan mutum tara nake ciyarwa da shi.

Na uku, kuma a nan zan yi muku adalci. Emeka ya nuna mini cewa kun yi cigiya kafin ku cire. Kun tambaya a dandalinku ko akwai mai amfani da shi, kuka jira, kuka ji shiru. To ai mu nan ba ma zancen abin da ke aiki lafiya, sai ya lalace ake jin bakinmu. Kuma cigiyar da aka yi da Turanci, a dandalin da ban san da shi ba, ta yaya za ta iso Fagge? Abin da kuka yar a can, kwantena ce ke kawo mana shi, mu kakkaɓe, ya sake sabuwar rayuwa. Shara ba laifi ba ce, ni ma ina share shago kowace safiya, amma ina duba abin da tsintsiya ta kwaso kafin in zubar.

Emeka ya mayar mini da tsohon zubin manhajar, na gama aikin makarantar da yammacin Asabar, alhamdu lillahi. Sai dai ya gaya mini tsohon zubi ba ya samun gyara, kuma ranar da kwamfutar nan ta mutu, injin ya bi ta ke nan, alhali lafiyarsa ƙalau. Wannan shi ne abin da ke damuna.

Roƙona bai da yawa. Ku maido da rubutun umarnin nan. Na ji an ce sharaɗinku shi ne a sami mai kula da shi da mai gwada shi. Emeka ya yarda zai kula, ni kuma zan gwada duk abin da kuka aiko, bayan na gama aikin mutane, don na yi hankali. Shafin bayanin da kuka goge ma kada ya dame ku. Na buga shi tun tuni, yana manne a bango kusa da kalanda, har da gyaran da na yi da biro inda kuka yi kuskuren lambar ɗaya daga cikin wayoyin haɗa injin.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara basira, Ya sa ku ma in kun tsufa a tambaya da kyau kafin a ce babu mai buƙatarku.

Wassalam.

Naku,
Bukar mai sitika, Fagge,
wanda har yanzu yake amfani da shi.