Shandiin Ba Ta San Zuriyarta Ba

Lukachukai

Zuwa ga ƙanena Hoskie,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da matarka Lorinda. Allah Ya ƙara muku lafiya a wannan gari naku na Seattle da ruwan sama ba ya ɗaukewa. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke matsa mata. Tumaki sun fara haihuwa.

Bayan haka, raina a ɓace yake da kai. 'Yarka Shandiin ta zo daga jami'a da Kee, yaron da take so ta aura, mai ladabi, har itace ya faskara mana. Na yanka tunkiya, muka zauna shan romo, sai Inna ta ce kowannensu ya faɗi ko shi wane ne, kamar yadda aka saba. Yarinyar nan ta gyara zama ta yi wa tsohuwa karatu. Wai kada mu ƙara yarda a ce mana Indiyawa, wani Bature ne ya ɓata hanya ya liƙa mana. Wai yanzu 'yan asalin Amurka ake cewa, wasu kuma sun ce shi ma bai yi ba, mutanen farko ya fi. Inna ta ce su kira mu tukunya ma in sun ga dama, mu dai sunanmu Diné, ita zuriyar uwa da ta uba take son ji.  Shandiin ba ta sani ba, Hoskie!

Kee, da yake kakarsa ce ta rene shi, ya buɗe baki ya ce uwarsa 'yar zuriyar Ruwan Ɗaci ce. Zuriyarmu, taka da tawa. Inna ta ajiye cokali ta ce wa Shandiin to ai ɗan'uwanki ne, babu aure, mu ba ma aure cikin zuriya ɗaya. Yaron ya rantse tun farko ya tambayi Shandiin zuriyarta, ta ce masa ita ba ruwanta da rabe-rabe, duk 'yan asali ɗaya ne.

Ka biya mata makaranta ta haddace duk sunayen da baƙi suka sa mana, amma ka kasa zaunar da ita ka gaya mata nata. Yanzu ko abinci ba ta ci, sai kuka. Ta tambaye ni me ya sa ba wanda ya taɓa gaya mata, na ce ta tambayi ubanta. Ka kamo hanya ka zo ka amsa mata da bakinka, ni na gaji.

Ka gaida Lorinda da ƙaramin ɗanka Tahoma. Kawu Chee yana gaishe ku. Inna ma ta ce a gaishe ka, a kuma tambaye ka ko kai kanka kana tuna taka zuriyar.

Yayarka,
Dezba