Wa Ke Juya Mini Takalma?

Zuwa ga Wakilin masu gidanmu na unguwar Utaibiyya, Makka,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da kai, da duk wanda wannan takarda ta isa gare shi, cewa ana juya mini takalma. Ina cire su a bakin ƙofa suna kallon ciki, in na fito sai in tarar suna kallon matakala.

Na ɗaya, ranka ya daɗe, na san kana son ka mai da gidan nan masaukin alhazai, ni kuma na ce a nan aka haife ni, ba inda za ni. Ba ka yi mini tsawa ba. Ka dai lallashi mai shagon ƙasa ya tashi, sannan masu hawa na ɗaya, sannan na biyu. Motar ruwa ma ta daina zuwa. Na gane wannan dabara, domin na taɓa jin ta.

Na biyu, ka san marigayi Ammi Ilyasu, Basinen nan maƙwabcina. Mahaifinsa sojan 'yan kishin ƙasa ne a Sin. Da 'yan gurguzu suka ci yaƙi, shugabanni suka tsallaka tsibirin Taiwan, shi kuwa ya ɗauko ɗansa ya nufo Makka. Na karanta littattafai a kan yaƙin, na yi wa Ammi Ilyasu bayanin bindigogi da yawan runduna, ya yi ta kallona da tausayi. A cewarsa, 'yan kishin ƙasa ne ke da birane da jirage da kuɗi, 'yan gurguzu kuwa suka bi ƙauyuka suna raba wa manoma gonaki. Kuɗin birni ya lalace har kwandon takarda ba ya sayen kwanon shinkafa. Sojoji suka riƙa sulalewa da makamansu. Garinsu bai ji ƙarar harbi ba. An dai wayi gari ba kowa a bakin ƙofar gari, sai tukunyar masu gadi a kan wuta tana tafasa.

Tun daga ranar, gidansu ba a ajiye takalmi yana kallon ciki, don a zauna cikin shirin gudu. Har ya rasu, nasa na kallon hanya. Na sha yi masa dariya.

Na uku, ban taɓa ba kowa wannan labari ba, don haka ina mamakin inda harisinka, mai gadin gidan, ya ji shi. Da tsakar rana ake yin abin, lokacin da unguwa ta yi tsit, ba ka jin komai sai kukan na'urar sanyaya ɗaki. Nakan ji tafiya a hankali, irin ta mai takalmin yadi, ta taso daga ƙofar Ammi Ilyasu da ke kulle, ta tsaya a tawa. Maiɗakina ta tafi wurin 'yarmu a unguwar Zahir, wai kwana biyu, ta kuma tafi da tukwanenta.

Don haka ina roƙon ka ja wa harisinka kunne, ka dawo da ruwa, ka bar ni in zauna. Allah ya ja zamaninka, ya cika maka gida da alhazai masu nauyin barci.

Wassalam.
Malam Bashir, hawa na uku.

Ƙarin bayani: na sauka in ba haris takardar nan ya kai maka, na tarar da ɗakinsa a buɗe, ƙura ta rufe katifa. An ce ya koma ƙasarsu tun bayan Hajji. Ashe na zalunce shi, ni kaɗai na rage a gidan. Ka bar batun ruwa, ka aiko da motar kwasar kaya.