Allon Baba da Aka Rataye Kai Ƙasa

Zuwa ga Yaya Habibu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina iyali, yaya ƙafar Yaya Rabi? Mu nan Zongo lafiya lau, alhamdu lillahi.

Bayan haka, gidan nuna zane-zanen nan na kusa da kasuwa ya sa gasa, har da koya wa mutanen unguwa zane kowace Asabar. Ni na lallaɓa Baba ya je, laifina ne. Mutumin da ya shekara arba'in yana yi wa masu saukar Alƙur'ani zayyana a allo, sai ga wani malaminsu da suke ce wa kamarad, mai ɗamammen wando, yana nuna masa yadda ake riƙe alƙalami! Baba ya koma gida ya yi allo guda, kwana tara yana kansa.

Ranar gasa muka tarar sun rataye allon kai ƙasa, Bisimilla tana kallon siminti. Babban alƙalinsu ya tsaya yana kaɗa kai, wai da'irorin zayyanar nan ƙafafun injin juyin juya hali ne. Suka ba shi na uku, bayan hoton tarakta biyu.

Baba ya sauke allonsa, ya goge shi da hannun riga, muka fito. Tun ranar bai sake taɓa tawada ba, ga saukar ɗanka Isuhu saura wata biyu.

A sa mu a addu'a, a gaida kowa. Ka rubuto wa Baba, kai yake ji. In ba haka ba, sai dai kamarad ya zana wa ɗanka tarakta.

Ƙanenka,
Salisu