Jirgin Da Ban Zaɓar Wa Inna Ba

Setapak, Kuala Lumpur,
Ranar Laraba.

Zuwa ga Yayata Ruƙayyatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam Ubale da yara da duk mutanen gida a Yawuri. Mu nan alhamdu lillahi. Matata Zahra lafiya, yaranmu Khaulah da Bashira suna makaranta, karatuna kuma yana tafiya. Gwiwar Inna ta yi sauƙi ƙwarai tun da aka yi mata aiki. Tana taka ƙafar daga ɗaki zuwa falo da sanda, sai in za a fita waje ne ake tura ta a keken asibiti. Likita ya sallame ta, kuma in Allah Ya so jibi Juma'a za ta taso gida.

Yaya, na ji lokacin da Inna take gaya miki a waya cewa mun kai ta tafki ta shiga jirgi ta sha iska. Na ji kina dariya kina sa mini albarka. Albarkar nan ce ta hana ni sukuni, domin ban cancance ta ba. Inna rufa mini asiri ta yi, ni kuwa na fi son ki ji yadda abin ya faru daga bakina.

Mu 'yan Arewa da ke zaune a unguwar nan, gida huɗu, mukan fita da iyalanmu duk ƙarshen zangon karatu. Wannan karon aka ce a je wani tafki da ke bayan gari a ɗauki jirgi, aka ɗora mini neman sa. Irin jirgin nan pontun suke ce masa. Ba kamar kwalekwalenmu na kogin Kwara ba ne: daɓe ne shimfiɗaɗɗe kamar tsakar ɗaki, a kan dogayen ganguna biyu na ƙarfe, an kewaye shi da shinge, an sa kujeru da rumfa. Da Inna ta ji maganar, sai na ga fuskarta ta sake irin yadda ban gani ba tun zuwanta. Wata uku tana zaune a hawa na goma sha huɗu, ba abin da take gani sai rufin gidaje da ruwan sama. Ta ce rabonta da hawa ruwa tun rasuwar Kaka Maitama, wanda ta tashi tana riƙe masa filafili in zai ƙetare da mutane ranar kasuwa.

Ranar Alhamis na je tafkin ni da abokina Datti. Mai jiragen wani dattijo ne Bamale, wato ɗan asalin ƙasar nan, mai suna Pak Najib, ya nuna mana guda biyu da suka rage. In kin gan su sai ki ce tagwaye: tsawonsu ɗaya, injinsu iri ɗaya, kowanne yana ɗaukar mutum goma sha huɗu. Bambancin kaɗan ne. Na farko yana da ƙofa mai faɗi a gaba, daidai da katakon da ake takawa a shiga, amma kujerunsa sun koɗe. Na biyu sabo ne, yana da bene da tsani inda ake hawa a hango tafkin duka, sai dai ƙofarsa a gefe take, ƙunƙuntacciya, ga matakala ɗaya mai tsayi. Datti ya hau benen ya ce hoton da za a ɗauka a nan zai yi kyau, ni ma na tuna yadda Khaulah da Bashira za su yi murna. Pak Najib ya dube ni ya tambaye ni ko akwai tsoho ko mara lafiya a cikinmu, domin in akwai, na farkon ya fi. Yaya, na ce masa babu. Ba mantawa na yi ba. Inna tana cikin raina a lokacin da nake faɗa. Na gaya wa kaina cewa wataƙila ranar ƙafar ta motsa ta fasa zuwa, in ma ta zo ai ba za a rasa dabara ba. Gaskiyar magana ita ce, ina so a ce Muntasir ya iya zaɓe. Son zuciya, ɓacin zuciya.

Ranar Asabar Inna ta riga kowa shiri. Ta ɗaura atamfar nan mai ruwan ganye da kika ɗinka mata, ta fesa turare, ta sa Zahra ta zuba dambun kifin da ta yini tana yi a cikin kwano, ta ce ba a hawa ruwa da abincin saye kaɗai. Da muka isa, na tura keken har bakin jirgi, sai ya ƙi shiga ƙofar. Na juya shi ta baya, ya ƙi. Matakalar kuma ta fi ƙarfin gwiwarta. Datti da wani suka ce bari su ɗaga ta, ta ce a'a cikin murmushi, kin dai san Inna da kunya. Na ruga wurin Pak Najib ko zai canja mana, ya ce ɗayan wasu sun riga sun kama shi. Bai tuna mini da maganarmu ba, ya dai dube ni kawai, na sunkuyar da kai.

Inna ta ce mu tafi, ita dama ruwa yana sa ta jiri yanzu, inuwar rumfar bakin tafki ta ishe ta. Ta miƙa wa yara kwanon dambun. Zahra ta ce ita za ta zauna da ita. Ni kuwa na shiga jirgin, da hujjar cewa ni na kama shi kuma yara suna ciki. Da matar Datti ta ce ashe jiragen nan ba su yi wa tsofaffi tanadi ba, sai na ce haka dukkansu suke. Na ƙara ƙarya a kan ƙarya. Awa biyu muna kan ruwa, yara suna hawa bene suna sauka, ana ci ana hoto, ni kuwa ko taɓa dambun nan ban yi ba.

Da muka dawo gida Zahra ta ja ni kicin ta gaya mini abin da ya faru a bayanmu. Ta ce ba mu daɗe da tashi ba, ɗaya jirgin ya matso, wasu 'yan Sin suka turo tsohonsu a keke irin na Inna, suka shigar da shi ta ƙofar gaba ba tare da ya ko motsa ba. Inna ta bi su da ido har suka yi nisa, ta ce kawai wancan ƙofarsa da faɗi. Zahra ta je ta tambayi Pak Najib, ya gaya mata yadda muka yi. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce dai da mahaifiyarta ce na yi wa haka, da ta daɗe ba ta manta ba.

Kwana biyu ina kewaye-kewaye kafin na iya durƙusawa gaban Inna na faɗa mata komai. Ta saurare ni har na gama tana jan carbi. Ta ce ta sani tun a bakin ruwa, domin tun ina yaro in na yi laifi ba na iya haɗa ido da ita. Ta ce ta yafe duniya da lahira. Sai ta ƙara da cewa ba rashin shan iskar ne ya dame ta ba, so ta yi ta zauna da jikokinta a kan ruwa ta nuna musu yadda ake gane wuri mai zurfi daga launinsa, domin yaran nan Turanci da Malayanci suke ji, ba su san daga inda suka fito ba. Wannan maganar ta fi mini duka ciwo.

Jiya Talata na ɗauki uzuri wurin malamina, na ɗebo yaran daga makaranta, muka koma tafkin mu biyar. Na kama jirgin mai faɗin ƙofa. Muna isa hadari ya haɗu, aka fara walƙiya, Pak Najib ya ce ba zai saki jirgi ba a irin wannan yanayi, kuma da gaskiyarsa. Amma ya yarda mu shiga yana ɗaure. Na tura keken ya wuce sumul. Muka zauna ƙarƙashin rumfa ruwa yana zuba, jirgin yana ɗan rausaya a igiyarsa. Inna ta rufe ido. Daga baya ta jawo Bashira jikinta, ta fara rera musu waƙar da masu jirgi suke yi in sun doshi gaɓa, wadda ni kaina ban taɓa jin ta a bakinta ba. Minti arba'in muka yi, ba mu matsa ko taku ɗaya daga gaɓa ba. Iyakar shiga jirgin da Inna ta yi a Malesiya ke nan, kuma shi ta ba ki labari har kika sa mini albarka.

Abin da nake roƙo, Yaya, in ta huta ƙafar ta ƙara ƙwari, ki sa Malam Ubale ya nemo jirgi babba wanda za ta iya shiga ba tare da an ɗaga ta ba, ku kai ta tsakiyar Kwara ke da yaranki Fiddausi da Abdulbasit. Ku je ku duba jirgin da idonku tukuna, ku auna ƙofarsa. Kada ki nuna mata na rubuto miki wannan. In kuma kina da faɗan da za ki yi mini, ki kira ni, zan tsaya in ji har ƙarshe.

Ki gaishe mini da Malam Ubale, da Gwaggo Mero da jikinta, da Kawu Aliyu, da Fiddausi da Abdulbasit. Zahra tana gaishe ki, ta sa miki mayafi a jakar Inna. Allah Ya kawo ta gida lafiya, Ya ba mu ikon kyautata mata a sauran kwanakin da Ya ara mana ita.

Ƙaninki mai neman afuwa,
Muntasir.