Za Su Sake Latsa Wuya

Zuwa ga Yaya Sule a Ikko,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya iyali, yaya zaman baƙunta? Mu nan Fulatan da sauƙi.

Yaya, Turanci harshe ne mai tattali, Allah ya ƙara masa albarka. Haruffa biyu kacal, "re", suke liƙa wa kalma a goshi, sai a maimaita maka abin da aka yi maka. Jiya dagaci ya kirawo ni daga kasuwa in karanta takardar masu binciken ciwon barci. Ga "return", za su dawo. Ga "recount", a sake ƙirga mu. Ga "re-examine", a sake latsa wuyan kowa. Dagaci ya ce, "Garba, gumin na mene ne?" Na ce, "Ranka ya daɗe, rubutun ne ya yi ƙanana."

Abin da ban gaya maka ba, zuwansu na bara a rumbu na ɓoye Inna saboda ƙullutun wuyanta, don ta rantse ba ta zuwa sansanin allura. Ni ne kuma tafintan Baturensu, na ce masa gidanmu kowa ya fito. Yanzu tana gyangyaɗi da lomar tuwo a hannu. In na fito da ita, na zama maƙaryaci gaban Bature. In na sake ɓoye ta, wallahi tsoron barcin nan nake ji.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida Hauwa da yara. Kai da ke zaune cikin Turawa, suna da kalmar da ke mayar da mutum baya zuwa bara?