Rasuwar Baba Rariya da Saƙon da Ya Maƙale

Cikin alhini, da kunyar da muka rasa inda za mu sa ta, Shugaban Hukumar Daraktoci, Manajan Darakta da ɗaukacin ma'aikatan wannan kamfani ke sanar da rasuwar Babban Injiniyanmu mai kula da saƙonnin imel, wanda aka fi sani da Baba Rariya, labarin da ya iske mu jiya, kwana tara bayan an kai shi makwancinsa.

Marigayin ne ya kafa na'urar da ya laƙaba wa suna rariya a ɗakin ƙarƙashin bene, wadda kowane saƙo ke bi ta cikinta, ta tsare na 'yan damfara kafin sauran su isa babbar na'urar da ke raba wa kowa nasa. Da yake ya san rariya ba ta da hankali, shekara goma sha huɗu kowace safiya sai ya buɗe abin da ta tsare ya saki na kirki da hannunsa. Godiya dai ba mu taɓa yi ba, amma saƙo ya makara da minti biyar mu cika masa kunne.

Sau nawa ya roƙi manyan manajoji su ba shi wanda zai koya wa aikin, amsar kullum ita ce za a zauna a duba. To, har yau ana zaune. Ya tafi hutunsa na shekara, ciwo ya kwantar da shi, muna can muna murnar saƙonni sun ragu. Da ya cika, 'yarsa ta rubuto mana, mu arba'in da biyu, a lokaci guda, domin ya koya wa iyalinsa cewa kamfani imel ake masa, rariya kuwa ta ga taron sunaye ta ɗauka damfara ce. Ba mu farga ba sai da maiɗakinsa ta zo ta ajiye mana makullin ɗakin rariyar, ta ce tunda ba mu zo ba, ita ta zo.

Muna neman gafarar Hajiya da 'ya'yanta, ba tare da wani uzuri ba. Allah Ya jiƙansa, Ya ba su juriyar rashinsa da ta sakacinmu.

Da aka buɗe rariyar, a saman saƙon 'yarsa mun tarar da nasa, daga gadon asibiti, yana roƙon wani ya riƙa leƙa ta da safe, kada saƙon wani bawan Allah ya maƙale.

Sa hannu:
Jami'in Hulɗa da Jama'a,
a madadin Hukumar Daraktoci