Ƙaramin Ƙoƙon da Inna ta Saya Miki

Zuwa ga Yayata Hadiza,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina samun sauƙi, ina gaida maigidanki da yara. Mu nan Sabon Gida lafiya lau, an kai gero rumbu.

Saƙon mijinki ya iske ni a asibitin mishan ina bakin aiki. Ya ce likitocin ƙasar Baljik sun gama, sun ɗaura miki ɗan zoben roba a bakin tumbi don rage ƙiba, abinci kaɗan zai riƙa ƙosar da ke. Na yi hamdala, Yaya, har da hawaye. Daga baya sai na tuna ni zan yi wa Inna bayani.

Kin san ta. Ba ta taɓa ce miki tana son ki da baki ba, da akushi take faɗi. Kin tuna yadda take tsaya miki a ka tana cewa, "Ci ki ƙara, ɗiyata. In kin rage mani tuwo, hushi kika yi da ni." Ni na iya zuba wa kaji nawa ta bayan zana. Ke kuwa tausayinta ba ya barin ki, sai kin suɗe.

Zuwanki na ƙarshe, mata suka kewaye ki suna guɗa, wai miji ya iya kiwo. Inna kamar ta taka rawa. Amma ni na ga kina sallah a zaune kan turmi saboda gwiwa. Na ga kin kasa kai garkar albasar Baba, kin tsaya gindin bagaruwa kina haki kina ce mini wai inuwa kike sha. Da na ja ki asibiti a auna jininki, abin awon ya ƙi zagaye damtsenki, sai da na ɗauko na cinya. Kika yi dariya don kada in ji kunya. Ranar na ji tsoron rasa ki, kuma ban gaya wa kowa ba.

To, na sami Inna tana tankaɗe. Na ɗauki buhu na ɗaure wuyansa da igiya, na nuna mata yadda hatsi ke sauka kaɗan-kaɗan. Na ce haka cikinki ya koma, kuma in aka matsa miki da tuwo za ki yi ta amai, aikin ma yana iya lalacewa. Ta ajiye rariya. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Abin da ta ce kawai, "To in ta taho, mi zan ba ta?" Yinin nan ba ta sa komai a baki ba.

Na san abin da ke hana ki sa ranar zuwa ke nan. Kina tsoron ko dai ki ci ki cutu, ko ki ƙi ci ki karya mata zuciya. Shi ya sa na zauna rubuta miki abin da ya biyo baya.

Ran kasuwa ta yafa zane ta fita. Ta zarce wurin masu ƙorai, ta yi ta jujjuya kaya har ta zaɓo ɗan ƙoƙo irin wanda ake ba jariri ruwa. Mai ƙoran ta yi mata barka, a zatonta jika aka yi. Inna ba ta gyara mata ba. Ta dawo ta kankare shi, ta sa na auna mata daidai abin da cikinki zai ɗauka, ta zana layi da wuƙa a wurin.

Yanzu a kaina take gwaji, ni da ba a ɗaure wa komai ba. Ta dama fura tsararo, ta tace, ta zuba zuwa layin nan, ta miƙo mini, sannan ta zauna a kan hannuwanta. Wallahi a kan hannuwanta, Yaya. Ina kallon leɓenta na motsi, "ƙara" na son fita, tana haɗiye ta. Jiya ma ta suɓuce mata, ta kama baki tana istigfari. Muka yi ta dariya har maƙwabta suka leƙo.

Masu surutu za su ce kin rame a ƙasar mutane. Bar su da ni, kin san bakina.

Ki taho gida, Hadizata. Ina so mu taka har garka tare, ki bar ni a baya ni ma in ce inuwa nake sha. Abu ɗaya nake roƙon ki: in ta miƙo miki ƙoƙon nan, ki sha a hankali har ƙarshe, ki kife shi a gabanta. Ganinsa babu komai ciki shi ne duk abin da take nema.

Allah Ya warkar da ke, Ya sa goshinki ya sake taɓa ƙasa a sallah, Ya ba Inna tsawon ran da za ta gani.

Ƙanwarki mai jiran ki,
Mariyama